Ɗan aiken da ke miƙa makulli ga baƙo: yadda za ka toshe yoyon bayanai a laburaren aika buƙata

A farkon zangon karatu aka kira ni in duba manhajar biyan kuɗin makaranta ta wata makaranta mai zaman kanta a Tudun Wada. Ƙorafin mai makarantar ɗaya ne, rasit yana daɗewa bai fito ba. Wanda ya rubuta manhajar ɗalibi ne a lokacin, ya gama karatu ya tafi bautar ƙasa, tun daga nan ba wanda ya sake leƙa cikinta. Matsalar rasit ba ta ci mini awa guda ba. Abin da ya tsayar da ni wani layi ne a cikin fayil ɗin `requirements.txt`, inda aka rubuta `requests==2.22.0`. Sigar shekarar 2019 ke nan, kuma ita ce ke ɗaukar makullin sirri na asusun karɓar kuɗin makarantar duk lokacin da wani uba ya biya wa ɗansa.

Na ce, "Alhaji, akwai aikin da ya fi na rasit gaggawa." Ya ce, "Injiniya, abin da yake aiki lafiya me za a taɓa a jikinsa?"

Yadda yoyon ke faruwa

Manhajarka ba ta zuwa wurin sabar banki ko ta kamfanin tura SMS da ƙafarta. Ɗan aike gare ta, wato laburare: lambobin da wasu suka rubuta, kai kuma kake aro. A Python sunansa requests, a ƙarƙashinsa kuma akwai urllib3. Masu PHP, musamman 'yan Laravel, Guzzle ne nasu. Masu Node suna da axios da node-fetch. Dattijon cikinsu shi ne curl, wanda Daniel Stenberg ɗan ƙasar Suwidin ya fitar a 1998. Duk saƙon da ɗan aiken nan zai kai yana da jiki, yana kuma da kai, kuma a kan saƙon ake rubuta shaidar ko kai wane ne: layin `Authorization` mai ɗauke da makulli, layin `Cookie` mai ɗauke da shaidar zaman mai amfani, da layin `Proxy-Authorization` idan ta furoksi kake fita intanet, wato sabar tsakiya da ke miƙa saƙonka a madadinka.

Ka ɗauka ka aiki yaro Kasuwar Barci da takarda da makullin shago, ka ce ya ba wane. Ya je ya tarar da sanarwa a ƙofa cewa mai shagon ya tashi, a neme shi a Kawo. Yaro mai hankali zai kai takardar Kawo amma ya riƙe makullin sai ya tabbatar. Yaron da bai da wayo zai miƙa duka biyun ga duk wanda ya tarar a can. Sanarwar nan a intanet ita ce amsa mai lamba 301, 302, 303, 307 ko 308, tare da layin `Location` mai nuna sabon adireshi. Laburaren requests yana bin wannan karkatarwa da kansa ba tare da ya tambaye ka ba, har sau 30 a jere, sai dai in buƙatar HEAD ce. Mafi yawan ɓarakar da za mu yi magana a kai daga nan ta fito: an juya akalar ɗan aike, shi kuma ya tafi da makulli.

Tarihin ya maimaita kansa har ya gaji. A Janairun 2018 curl 7.58.0 ya daina tura layin `Authorization` da mutum ya rubuta da hannunsa zuwa sabon gida bayan karkatarwa. A Oktoban shekarar requests 2.20.0 ya gyara wata makamanciyarta, inda makulli ke fita a fili idan aka sauko da kai daga https zuwa http a gida ɗaya. A tsakiyar 2022 Guzzle ya fitar da gyara uku a jere, 7.4.3 da 7.4.4 da 7.4.5, na farko a kan kuki, biyun ƙarshe a kan kuki da makulli masu bin karkatarwa. A Mayun 2023 requests 2.31.0 ya toshe CVE-2023-32681, ɓarakar da ta kwana a cikinsa tun siga ta 2.3.0: idan aka karkatar da kai zuwa adireshin https, kalmar sirrin furoksinka kan wuce furoksin ta isa har sabar da ke can ƙarshe. CVE ɗin nan lambar rajista ce da ake ba kowace ɓaraka da aka bayyana wa jama'a, da ita za ka riƙa bincike.

Mataki na farko: gano abin da ke gudana a zahiri

Kada ka yarda da abin da ke rubuce a fayil, kada kuma ka yarda da abin da ke kan laftof ɗinka. Sabar ce ke aika makullin, don haka can za ka shiga. Ka kunna keɓaɓɓen muhallin da manhajar ke amfani da shi, sannan ka tambayi Python ɗin da bakinsa:

```
python -c "import requests, urllib3; print(requests.__version__, urllib3.__version__)"
```

Na sha ganin saba ɗaya mai ɗauke da requests kala uku: ɗaya ta zo da tsarin Ubuntu, ɗaya wani ya girka da `sudo pip`, ɗaya tana cikin muhallin manhajar. Mutum ya sabunta ta farko ya tafi gida da farin ciki, alhali ta uku ce ke aiki. Ka duba fayil ɗin da ke tayar da manhajar, na systemd ko na supervisor, ka ga wane Python yake kira. Haka ma ayyukan cron, masu tashi da kansu a lokacin da aka saita musu, don su ne aka fi mantawa da su, kuma sau da yawa su ne ke tura saƙon tunatarwa ga iyaye da tsakar dare da makullin kamfanin SMS.

In PHP ne, `composer show guzzlehttp/guzzle` zai gaya maka sigar. In Node ne, kada ka tsaya a axios kaɗai, ka buga `npm ls follow-redirects`, domin wannan ƙaramin laburaren ne ke bi wa axios karkatarwa, kuma shi ma an gyara masa yoyon kuki a 1.14.7 da na kalmar sirrin furoksi a 1.15.6. Ba kai ka girka shi ba, amma yana gidanka.

Bayan haka ka bar na'ura ta yi maka lissafi: `pip-audit` a Python, `composer audit` a PHP daga Composer 2.4 zuwa sama, `npm audit` a Node. Za su jero maka lambobin CVE da sigar da aka gyara kowace.

Akwai tarko ɗaya a nan da ke ruɗa mutane. Ubuntu 22.04 yana zuwa da curl 7.81.0, kuma ko ka sabunta shi yau lambar ba za ta motsa ba. Ba wai ba a gyara ba ne. Masu Ubuntu da Debian sukan ɗauko facin tsaron su liƙa a tsohuwar siga, sai ƙaramar lambar da ke wutsiyar sunan ce ke ƙaruwa. Ka buga `apt changelog curl` ka nemi lambar CVE ɗin a ciki. In tana nan, ka huta, kada ka je ka girka wani curl daga waje ka rikita tsarin.

Mataki na biyu: shin ta shafe ka?

Ba kowace ɓaraka ce ke buɗe a gidanka ba, kuma sanin wannan ne zai gaya maka ko yau za ka kwana a ofis ko aikin zai iya jiran Asabar. Sabuntawa dai za ka yi ko ta yaya. Amsar tambayoyin nan ce za ta nuna maka ko sai ka canza makullai a ƙarshe.

Kana fita ta furoksi mai kalmar sirri? Ka duba ko an saita `HTTP_PROXY` ko `HTTPS_PROXY` da suna da kalmar sirri a ciki. Ofisoshi da manyan makarantu sun fi yin haka. In babu, ɓarakar 2023 ta requests ba ta da abin da za ta zubar.

Akwai fayil mai suna `.netrc` a gidan asusun da ke tafiyar da manhajar? Tsohuwar al'ada ce ta ajiye suna da kalmar sirrin sabobi, kuma requests yana karanta shi da kansa idan ba ka ba shi wata shaida ba. CVE-2024-47081 a kansa take: ana iya ƙera adireshi a sa sunan gidan da ka yarda da shi kafin alamar @, sunan gidan ɓarawo kuma bayanta, sai laburaren ya ɗauko kalmar sirrin gidan farko ya kai gida na biyu. Lambar tana ɗauke da 2024, amma gyaran bai fito ba sai Yunin 2025, a siga ta 2.32.4. Shi ma curl ya yi fama da `.netrc` da karkatarwa, aka gyara a 8.11.1 a Disambar 2024.

Tambayar da ta fi duka nauyi ita ce wannan: akwai inda manhajarka ke ɗauko adireshin da wani daga waje ya ba ta? Wurin da mai amfani ke liƙa adireshin hoto, ko adireshin da za a riƙa tura masa sanarwa, ko shafin da ke nuna samfotin wani shafi. In akwai, to ɓarawo ba ya buƙatar ya fasa sabar kowa, kai ne za ka aiko masa yaron har gida. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma wannan ita ce tsagar.

Sai na ƙarshe, ka binciki lambobinka ka ga ko akwai `verify=False`. Yara masu koyo sukan sa shi ranar da takardar shaidar wata saba ta ba su wahala, su manta. Kafin requests 2.32.0, idan buƙatar farko a cikin `Session`, wato zaman da ake buɗewa don aika jerin buƙatu, ta tafi da shi, sauran da ke bin ta zuwa gida ɗaya su ma ba a tantance su, ko da ka ce a tantance.

Mataki na uku: sabuntawa, amma ba a kan saba mai aiki ba

Garin gyaran gira ake rasa ido. Ka fara adana hoton halin da ake ciki da `pip freeze > kafin-gyara.txt`, ko ka kwafi `composer.lock` ko `package-lock.json` gefe. Wannan ce hanyar komawarka in abu ya kwaɓe. Sannan ka buɗe sabon muhalli a laftof ko sabar gwaji, ka girka a can:

```
pip install --upgrade requests urllib3
pip check
```

Ka lura na haɗa da urllib3. Sabunta requests kaɗai ba lallai ya taɓa shi ba, alhali shi ma yana da nasa: kuki mai bin karkatarwa an gyara a 1.26.17 da 2.0.6, jikin saƙo mai bin amsar 303 a 1.26.18 da 2.0.7, kalmar sirrin furoksi a 1.26.19 da 2.2.2. Mai PHP zai buga `composer update guzzlehttp/guzzle --with-dependencies`. In an ƙulle sigar da ƙarfi a `composer.json` ko `requirements.txt`, sai ka gyara lambar da hannu tukuna, in ba haka ba composer zai wuce lafiya ba tare da ya canza sigar ba, a Python kuma tsohuwar siga za ta dawo ranar da aka sake girkawa daga fayil ɗin.

A nan ne tsofaffin sabobi ke nuna hali. urllib3 na 2 ba ya tashi sai da OpenSSL 1.1.1 ko sama, don haka mai CentOS 7 zai ga manhajarsa ta faɗi tun a layin farko. Mafita ta wucin gadi ita ce ya tsaya a reshen 1.26 amma ya hau sigarsa ta ƙarshe. Haka kuma requests 2.32 ya rabu da Python 3.7, to in a kansa kake, pip zai yi shiru ya ba ka 2.31.0 ya ce ya gama. Ka sake duba lambar da idonka. Gaskiyar da ba a son ji ita ce a irin wannan hali Python ɗin ne ko tsarin sabar baki ɗaya ya tsufa, kuma aikin ya fi na yamma ɗaya. Ka faɗa wa mai aikin tun da wuri, da farashinsa.

Sabuntawa kan fasa wani abu ma ko da sabar sabuwa ce. Lokacin da requests 2.32 ya fito a Mayun 2024, laburaren docker na Python ya daina aiki wa mutane da yawa sai da aka fitar da 7.1.0. Saboda haka ka gwada hanyoyin da kuɗi ke bi tun daga farko har ƙarshe da makullin gwaji: fara biya, tabbatar da biya, fitar da rasit, tura SMS. Kamfanoni irin su Paystack da Flutterwave suna ba da makullan gwaji dabam da na gaske domin irin wannan rana.

In komai ya tafi daidai, ka zaɓi lokacin da ba kowa. Ga makaranta, ba makon farko na zango ba. Ka tabbatar laftof ɗinka cike yake da caji kuma kana da layin data na biyu, domin wuta ta ɗauke ana tsakiyar girkawa ba labari ba ne a garin nan. Ka yi aikin a cikin `tmux` ko `screen`, yadda ko layi ya yanke umarnin zai ci gaba a sabar.

Sannan ka sake tayar da komai. Sabon laburare yana kan faifai, tsohon kuma yana nan daram a ƙwaƙwalwar manhajar da ke gudana tun watan jiya. gunicorn, php-fpm, ma'aikatan Celery, layin jiran aiki na Laravel, duka sai an kashe an kunna. In Docker ne, sake kunna kwantena ba ya wadatarwa, sai an sake gina hoton da `--no-cache`. In kuma hayar gurbi kake yi a saba ta tarayya mai cPanel, Guzzle naka ne ka sabunta, amma curl ɗin da ke ƙarƙashin PHP na masu sabar ne. Ka rubuta musu da lambar CVE, ka ajiye amsarsu.

Mataki na huɗu: gwada yaron da kanka

Wannan gwajin minti goma ne, kuma shi ne ya fi buɗe mini ido. Ka ajiye wannan a fayil mai suna `gwaji.py`:

```python
import sys
from http.server import BaseHTTPRequestHandler, HTTPServer

class Gwaji(BaseHTTPRequestHandler):
    def do_GET(self):
        if kofa == 8001:
            self.send_response(302)
            self.send_header("Location", "http://127.0.0.1:8002/")
        else:
            print(self.headers)
            self.send_response(200)
        self.end_headers()

kofa = int(sys.argv[1])
HTTPServer(("127.0.0.1", kofa), Gwaji).serve_forever()
```

Ka tayar da shi sau biyu a taga biyu, `python gwaji.py 8001` da `python gwaji.py 8002`. Na farko shi ne shagon da aka tashi, na biyu shi ne baƙon Kawo. A taga ta uku ka aika:

```python
import requests
requests.get("http://localhost:8001/", headers={
    "Authorization": "Bearer na-gwaji",
    "X-Api-Key": "na-gwaji"})
```

Ka dubi abin da taga ta biyu ta buga. Layin `Authorization` ba ya nan, laburaren ya cire shi kamar yadda ya kamata. Amma `X-Api-Key` ga shi nan ɓaro-ɓaro, kuma haka zai kasance ko da sigar da ta fito jiya ka girka. Laburaren ya san sunayen layukan sirri na ƙa'ida ne kawai, bai san cewa wanda wani kamfani ya ƙirƙiro wa kansa ma makulli ne ba. Kamfanoni da dama kuwa a irin wannan layi suke karɓar makulli.

Maganin wannan a hannunka yake. Duk buƙatar da ke ɗauke da makulli, ka hana ta bin karkatarwa: `allow_redirects=False` a requests, `'allow_redirects' => false` a Guzzle, `maxRedirects: 0` a axios. In amsa ta dawo da 301 ko 302, ka sa manhajar ta rubuta a rajista ta tsaya, kai ka duba da safe. A ganina sabar biyan kuɗi da ta fara karkatar da kai ba zato, gara biya ɗaya ya faɗi da makulli ya tafi yawo. Shi curl ba ya bin karkatarwa sai ka sa masa `-L`, kuma in ka ga `--location-trusted` a wani tsohon rubutu, ka sani ma'anarsa a kai makulli duk inda aka nuna. In ba ka amfani da `.netrc` ko furoksi, ka sa `trust_env = False` a kan `Session` ɗinka. Kada kuma ka yi amfani da `Session` ɗaya wajen magana da kamfanin biyan kuɗi da kuma ɗauko adireshin da baƙo ya liƙa.

Mataki na biyar: makullin da ya fita ba ya dawowa

A nan mutane suka fi tsayawa rabin hanya. Faci yana hana na gaba fita ne, bai san labarin wanda ya riga ya fita ba. In amsoshinka a mataki na biyu sun nuna ƙofar a buɗe take, ka ɗauka kowane sirri da ya bi ta nan wani ya gani. Ka ƙirƙiri sabon makulli a shafin asusunka na kamfanin biyan kuɗi, ka sa shi a saba, ka gwada biya na gaske na ƙaramin kuɗi, ka tabbatar tsohon ya mutu ta hanyar gwada shi ka ga an ƙi shi. Ka shirya komai kafin ka danna, domin tsakanin mutuwar tsoho da hawan sabo biya na iya tsayawa. Haka za ka yi wa kalmar sirrin furoksi, da duk abin da ke cikin `.netrc`, da makullin SMS. In kuki ne ake zargi, ka rushe duk zaman da ke buɗe, kowa ya sake shiga.

Tun da ka zo nan, ka leƙa tarihin git ɗinka. A makarantar Tudun Wada makullin gaske yana zaune a cikin lambobin tun ranar farko, kuma ya bi ta laftof nawa ne, Allah kaɗai ya sani.

Daga nan sai rajistar ayyuka. Ka nemi amsoshi masu lamba ɗari uku da wani abu a buƙatun da ke fita, ka nemi adireshin da ba ka sani ba, ka duba shafin kamfanin biyan kuɗi ko akwai kira daga wata saba da ba taka ba ko a lokacin da makaranta ke hutu. In ka ga alamar bayanan mutane sun fita, sunayen yara ko lambobin iyaye, maganar ta bar hannun injiniya kaɗai. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2023, ta ce a sashe na 40 wanda ke sarrafa bayanai a madadin wani ya sanar da mai su, shi kuma mai su ya sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, cikin awa 72 daga lokacin da ya sani, matuƙar yoyon na iya cutar da mutanen. In haɗarin babba ne, su ma mutanen sai an gaya musu. Ka rubuta ranar da awar da ka gano, da abin da ka yi, ka ba mai aikin a rubuce ba da baki kaɗai ba.

Abin da ya rage ɗan kaɗan ne. In lambobinka suna GitHub, ka kunna Dependabot ya riƙa yi maka ishara. Ka sa `pip-audit` ko ɗan'uwansa ya gudana kafin kowace ɗorawa. Ka kuma sa kuɗin dubawa na wata-wata a cikin yarjejeniyarka tun farko, don ba wanda ke biyan aikin da ba a ambata ba.

Alhaji dai ya yarda bayan na juya masa laftof ya ga kalmar "na-gwaji" ta bayyana a tagar da ba ita aka aika wa ba. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "To Injiniya, shi yaron da ya tafi bautar ƙasa, makullin yana wurinsa har yanzu?" Na ce, "Ranka ya daɗe, har zuwa bayan La'asar ɗin yau." Muka canza shi a ranar, bursa ya biya naira ɗari daga wayarsa don gwaji, rasit ya fito.